Bege da Yanke Ƙauna: Waiwaye Kan Waƙa a Arewacin Zamfara

 

Ya ku 'yan'uwana matasa, na lura yawancin waƙoƙin da muka cika wayoyinmu da su kuka ɗaya suke yi: kaɗaici, ƙuncin zuciya, masoyi ya tafi, duniya ta yi zafi. Wasu sun ɗauka sabon ciwo ne. A ganina tsoho ne, maganinsa kawai muka manta.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi masa rahama, yana da kimanin shekara 20 ya tsara ƙasidarsa ta Larabci, Daliyya, cikin begen Manzon Allah (SAW) da ƙishirwar ganin Madina. Har ya rasu a 1817 Allah bai nufe shi da zuwa ba. Amma begen bai kwantar da shi ba, sai ma ya tashe shi. Ya yi kusan shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma cikin waɗanda suka amsa kiransa akwai Alibawan Zurmi da jagoransu Namoda, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa. 'Yarsa Nana Asma'u ma, da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta yi marsiyya mai sa hawaye, amma kukanta ga Allah ta miƙa shi.

Ko makaɗan baka na yankin, irin su Narambaɗa na Tubali ta ƙasar Shinkafi da Kassu Zurmi, duk da abin da malamai za su ce kan sana'arsu, ba su yi waƙa su kaɗai ba. Ga 'yan amshi, ga jama'a a fada ko dandali. Yau kuwa saurayi ya toshe kunnuwansa cikin ɗaki, yana jin mai kuka irinsa, babu mai amsa wa ɗayansu.

Ba na raina wannan damuwa. Wanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa, ko wanda ya ga watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, ya san ɗacin rabuwa da dangi. Tambayar ita ce: ina za a kai kukan?

A Suratu Yusuf, aya ta 84 zuwa 87, Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Duk da haka ga Allah kaɗai ya kai ƙararsa, ya hana 'ya'yansa yanke ƙauna, kuma ya tura su neman ɗan'uwansu.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, auna waƙar da kake ji. In ta bar ka kwance kana ƙin rayuwa, ajiye ta. Tashi ka yi alwala, ka shiga sahu, ka gai da mahaifiyarka, ka faɗa wa amininka abin da ke cin ka.

Allah Ya yaye mana ƙunci, Ya zaunar da Zamfara lafiya. Wassalam.