DAGA TASHAR GUSAU ZUWA BAKIN TEKUN DUBAI

Mai karatu, dalilin wannan ɗan rubutu shi ne wani alkawari da Yayana ya yi mini. Shi ɗan kasuwa ne a Gusau, yakan je Dubai saro kaya, ya ce in na ci jarrabawa zai tafi da ni in ga teku. Na zauna ina ta tsara tafiya: a je tsakanin Nuwamba da Maris, domin da bazara zafin can yakan wuce digiri 40, kwana biyu a bakin ruwan Jumaira, kwana biyu a kasuwannin Dera, sannan a hau Burj Khalifa, benen nan mai tsawon mita 828 da aka buɗe a 2010.

Da na je Bunguɗu na karanta wa kakana tsarin, sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nema, wanga gari da kaka yabo, lokacin da muka zuwa Gusau kallon jirgi wa ya san da shi?" Na ɗauka wasan kaka da jika ne. Da na bincika sai na tarar tsoho ya fi ni gaskiya.

Dubai dai asalinta ƙaramin gari ne a bakin wani mashigin teku. A 1833 ne zuriyar Maktum suka zo suka karɓi sarautarta. Sana'ar mutanenta su ne kamun kifi da nutso cikin teku neman lu'ulu'u. Cikin shekarun 1930 wannan sana'a ta karye, saboda Japanawa sun gano dabarar renon lu'ulu'u, ga kuma karayar tattalin arziki da ta game duniya. Talauci ya kama garin, mutane da yawa suka yi ƙaura.

To, a daidai wannan lokaci tauraron Gusau ke haskawa. Garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadi ya sami layin dogo, wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Nan da nan kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna, Yarbawa da Ibo suka cika Sabon Gari. Manoman Tsafe da Bunguɗu suka riƙa kawo gyaɗa da auduga a kan jakuna, ana gurzar audugar a Gusau, jirgi na kwasa zuwa Ikko. Cikin shekarun 1960 har masaƙa aka kafa, wadda ta ɗauki ɗimbin ma'aikata.

Ina aka rabu ke nan? Mutane sukan ce ai man fetur ne. Amma mu ma muna da shi, har mun riga su, domin an gano namu a Oloibiri a 1956, nasu kuwa sai a 1966. Abin lura shi ne, Shaihu Rashid, wanda ya hau sarauta a 1958, bai jira mai ba. Rance ya ciwo daga Kuwait ya yashe mashigin tekun don manyan jiragen ruwa su shigo, ya kuma buɗe filin jirgin sama a 1960. Da kuɗin mai suka fara shigowa a 1969, sai ya zuba su a kan hanyoyin ciniki: tashar jiragen ruwa ta Rashid a 1972, ta Jabal Ali a 1979. Kamfanin jiragen sama na Emirates ya biyo baya a 1985. Watau sun san rijiyar ba mai zurfi ba ce, sai suka gina kasuwa a bakinta. Mu kuwa da mai ya zo, sai muka saki gyaɗa da auduga, muka bar layin dogo ya lalace, masaƙa ta rufe. Ko da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta sami sakatariya, amma ba ta maido da kasuwarta ta da ba.

Ba ina cewa Dubai aljanna ba ce. Benayen nan gumin leburori baƙi ne daga Indiya da Pakistan da Bangaladash, kuma an sha kuka da irin wahalar da suke sha. Ƙofarta ma ba kullum take buɗe gare mu ba: a 2022 an daina ba 'yan Nijeriya biza, sai a 2024 aka dawo da ita. Daɗin daɗawa, duk wanda ya tsaya kallon kasuwar zinariya ta Dera, ya kamata ya tuna da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a 2010 a yankin Anka da Bukkuyum, wajen haƙar zinariya. Arzikin yana ƙarƙashin ƙasarmu, kasuwarsa tana ƙasar wasu.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, a cikin tsarin tafiyata duka, wurin da Inna ta fi yi wa addu'a ba teku ba ne, ba jirgin sama ba ne. Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ce, saboda 'yan bindiga. Wannan fa ƙasar 'Yandoto ce, garin malamai da ɗalibai suka riƙa yi wa tattaki daga nesa tun kafin jihadi. Ga dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu, inda a da ake taruwa bikin kamun maiki. Wace ƙasa ce za ta sami irin waɗannan ta rasa baƙi, in da akwai zaman lafiya?

Zan tafi in Allah Ya yarda, amma na ƙara abu guda a cikin tsarin. Kafin in taka yashin Jumaira, sai na shiga ƙaramin kwalekwalen da ke ƙetare mashigin nan da Shaihu Rashid ya yashe, in ga inda aikin ya faro. In na dawo kuma, zan ɗauki kakana mu je tsohuwar tashar Gusau ya nuna mini inda ake tara buhunan gyaɗa. 'Yan'uwa ɗalibai, mu tambayi tsofaffinmu tun suna raye. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.