Kwana 90: Yadda Dokar Zubar da Ciki Ta Samo Asali a Sudan

A gidajenmu, tun zamanin Ishash Fallata har zuwa unguwannin da muka bazu a kudancin Khartum da gefen Omdurman, idan mace ta yi ɓari akan zo a yi mata jaje, a dama mata kunu, a ce Allah ya mayar da alheri. Amma idan ciki zubar da shi aka yi, maganar ba ta wuce tsakanin uwa da 'ya da wata tsohuwa mai riƙe asiri. Wannan shiru ya sa da yawanmu ba su san cewa dokar ƙasar nan ta yi magana a kan lamarin ba, kuma abin da ta faɗa ya sha bamban da abin da malamanmu suka karantar a zaure, ya kuma sha bamban da abin da ke rubuce a Kano da Sakkwato. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tilasta wa gidaje da dama yin maganar da ba su taɓa yi ba, saboda haka ya dace mu bi sawunta.

Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da mahajjatan da suka riga su da waɗanda suka biyo baya, sun zo da littattafan Malikiyya a cikin gafaka, suka kuma tarar da mutanen bakin Nilu a kan mazhaba guda da su. A wannan mas'ala Malikiyya ce ta fi tsanani. Mashahurin zance a cikinta, kamar yadda Dardiri ya bayyana a sharhinsa na Mukhtasar, shi ne da zarar ciki ya zauna a mahaifa bai halatta a fitar da shi ba, ko da bai kai kwana 40 ba. Lakhmi ne aka sani da sassauci kafin kwana 40, kuma ba zancensa ake fatawa da shi ba. Wanda ya karanta Risala zai tuna da gurra, wato fansar da ake biya idan an jawo zubewar ɗan tayi, wadda aka ƙiyasta da dinari 50 ko dirhami 600. Hanafawa kuwa, bisa hadisin Ibn Mas'ud da ya jera matakan halitta uku na kwana arba'in-arba'in kafin a busa rai, da yawansu sun yarda a zubar kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Bayan busa rai kowa ya haɗu a kan haramci, sai fa idan ran uwa ne ke cikin haɗari. Lambobin fiƙihu ke nan: 40 da 120.

Dokar hukuma ta wata hanya daban ta shigo. Bayan faɗuwar Omdurman a 1898, Turawan Ingila sun ɗauko kundin laifuffuka na Indiya na 1860 suka yi masa kwaskwarima ya zama na Sudan a 1899, aka sake rubuta shi a 1925. Ya haramta zubar da ciki, ya bar ƙofa ɗaya tak: ceton ran uwa. Kotunan shari'a, waɗanda babban alƙalinsu Bamisire ne har zuwa 1947 kuma Hanafiyya suke bi, an tsare su a kan aure da saki da gado, ba su da hannu a nan.

A wannan gaɓa tarihin ya yi wata kwana da ta shafe mu kai tsaye. A 1958, da gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta so gyara dokokin Jihar Arewa kafin samun mulkin kai, sai ta kafa kwamitin masana shari'a, ta ɗora Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, a kan shugabancinsa. Kwamitin ya ba da shawarar a yi koyi da kundin Sudan, haka kuwa aka yi, kundin Arewa ya fara aiki a 1960. Sashe na 232 a cikinsa, wanda ya hana zubar da ciki sai don ceton uwa, ɗan'uwan sashen Khartum ne na jini. Mu muka zo gabas da littattafan fiƙihu, doka kuma ta bi hanyar da muka biyo ta koma yamma.

Nan gida ne abin ya ci gaba da sauyawa. Dokokin Satumba na Numairi a 1983 sun shigo da diyya cikin hukuncin. Sai kuma dokar laifuffuka ta 1991, ta gwamnatin Bashir da Turabi, ta zo da abin da ba a zata daga gare ta ba. Sashe na 135 ya ware hali uku da zubar da ciki ba laifi ba ne: idan don a ceci ran uwa ne, idan an tabbatar ɗan tayi ya mutu a ciki, da kuma idan cikin na fyaɗe ne, bai wuce kwana 90 ba, kuma matar ta nemi a zubar. Wanda ya saɓa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko 5 idan cikin ya haura kwana 90, ban da haƙƙin diyya. Gwamnatin da ta fi kowace ikirarin shari'a ita ta buɗe ƙofar da Bature bai buɗe ba, da adadin kwanakin da ba 40 ɗin Lakhmi ba, ba kuma 120 ɗin Hanafawa ba.

Sai dai an buɗe ƙofar an tsayar da ɗan sanda a bakinta, kuma a ganinmu nan ne ainihin muhawarar Sudan take. Sashe na 149 na wannan doka ya fassara fyaɗe da cewa zina ce ba da yarda ba. Dokar shaida ta 1994 ta ɗauki cikin macen da ba ta da miji a matsayin hujjar zina. Ke nan yarinyar da ta je ta ce an yi mata fyaɗe ta riga ta amsa cewa an sadu da ita. Idan ta kasa tabbatar da tilas, maganar na iya juyewa kanta, bulala 100 na jiran budurwa. Kafin a yarda a zubar mata da cikin ma, sai ta kawo takardar 'yan sanda da kowa a nan ya sani da Ornik 8. Ga mu da iyayenmu suka sha wahalar tabbatar da cewa su 'yan ƙasa ne a duk lokacin da suka je neman jinsiyya, ba sai an yi mana bayanin abin da ke hana talaka kai 'yarsa ofishin 'yan sanda da irin wannan labari ba.

Omdurman ce cibiyar haihuwa a ƙasar nan tun 1921, lokacin da Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozomomi, sannan asibitin Dayat ya biyo baya a 1957. Binciken da Samia al-Nagar da Liv Tonnessen suka buga a 2019 ya nuna yadda 'yan sanda ke zama a ƙofar asibitocin haihuwa na gwamnati a Khartum, macen da ta zo tana zubar da jini ba tare da miji ba ta zama abar zargi. Ya kuma nuna cewa likitoci da yawa, har da waɗanda a ransu suke ganin zubar da ciki haramun ne, sukan ƙi kai rahoto, su yi mata magani a matsayin mai ɓari su sallame ta. Mai kuɗi takan nufi asibitin kuɗi. Marar shi takan koma ga saiwa da jiƙo da hannun wanda bai iya ba, sai jini ya ƙi tsayawa a kwaso ta.

Wadda ta riƙe cikin har ta haihu, kafin yaƙin sau da yawa labarinta a Maigoma yake ƙarewa, gidan jariran da aka tsinta, wanda aka kafa a Khartum a 1961. Ƙididdigar da aka yi da haɗin gwiwar UNICEF a 2003 ta nuna ana yar da jarirai kimanin 110 kowane wata a Khartum, kusan rabinsu na mutuwa kafin taimako ya iso gare su. Masu cewa a tsananta domin kare ran ɗan tayi suna da hujja mai ƙarfi, mu ma da ita aka rene mu. Amma jaririn da aka tsinta a bola shi ma rai ne, kuma tsoron bulala da surutun unguwa ne suka kai shi can. Malamai sun ga haka: fatawar 2006 ta ce a ɗauki waɗannan yara a matsayin marayu a ba iyalai riƙonsu, kada a ɗora musu laifin da ba su yi ba.

A 2015 an gyara sashe na 149, aka raba fyaɗe da zina. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta haramta kaciyar mata a 2020. Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda ta nemi ƙasashen Afirka su ba da dama a halin fyaɗe da haɗarin lafiyar uwa, Sudan ta sa mata hannu amma ba ta zartar da ita ba. Ƙa'idar kwana 90 tana nan yadda take.

Sai yaƙi. Asibitin Dayat ya daina aiki tun watannin farko. Ofisoshin 'yan sanda da na niyaba, waɗanda ake bi ta cikinsu a sami izini, aka rufe su a mafi yawan Khartum. Sulaima Ishaƙ, wadda a lokacin ita ce shugabar sashen gwamnati mai yaƙi da cin zarafin mata, ta yi ta faɗin cewa abin da ke isowa gare su na fyaɗe ɗan kaɗan ne daga abin da ke faruwa. Rahoton Human Rights Watch na Yulin 2024 ya ɗora mafi yawan wanda aka yi a Khartum da Bahri da Omdurman a kan dakarun Da'amus Sari. Yarinyar da aka keta wa haddi a watan Mayu, ta ɓoye wa uwarta wata guda, ta yi wani watan a hanyar Madani ko Gadarif, kafin ta sami ofishin da ke buɗe kwanakin da doka ta ba ta sun kusa ƙarewa, ko sun ƙare.

A Maigoma, yara fiye da 70 suka mutu da yunwa da zazzaɓi a makonnin farko na yaƙin, domin yawancin masu reno sun kasa isowa wurin aiki. A watan Yunin 2023 aka kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani. Da Madani ta faɗi a Disamba, aka sake loda su a mota zuwa gabas.