Lissafin Zagayen Duniyoyi: Daga Tsibirin Hven Zuwa Wasan Kwamfuta

Gano hanyar da duniyoyi ke bi wajen kewaya rana ya samo asali ne daga rubuta inda aka gan su dare bayan dare. Tycho Brahe, masanin taurari ɗan ƙasar Denmak, ya shafe kusan shekara 20 yana wannan aiki a tsibirin Hven tun daga 1576, da ido da kayan awo kawai, domin ba a ƙirƙiro tabarau mai hangen nesa ba tukuna. Da ya rasu a Prague a 1601, littattafan awonsa suka koma hannun mataimakinsa Johannes Kepler.

Kepler ya daɗe yana fama da duniyar Mirrihi. Ya ɗora ta a kan cikakkiyar da'ira, sai lissafin ya saɓa wa awon Tycho da kashi 8 cikin 60 na digiri ɗaya. Wani zai ce kuskuren mai awo ne, ya wuce. Shi kuwa ya yarda da awon ya watsar da da'irar, kuma a 1609 ya bayyana cewa hanyar mai ɗan tsawo ce, mai kama da ƙwai, rana tana zaune gefe guda a cikinta. Newton ne ya kawo dalilin haka a 1687, wato ƙarfin janyowa da ke tsakanin rana da duniyoyi.

Babban gwaji ya zo a 1801. Masanin taurari Giuseppe Piazzi ya hango ƙaramar duniyar Ceres daga Palermo ranar 1 ga Janairu, ya bi ta kusan kwana 40, sannan hasken rana ya ɓoye ta. Da wannan ɗan awo masanin lissafi Carl Friedrich Gauss, yana ɗan shekara 24, ya fitar da hanyarta gaba ɗaya, aka kuma sake ganinta a Disamba kusa da inda ya nuna. Sirrin shi ne lambobi shida sun isa su bayyana kowace hanya. Idan an san wurin abu da lambobi uku, an san gudunsa da inda ya dosa da wasu uku, sauran aikin alƙalami ne.

Masu ƙera wasannin sararin samaniya sun gaji wannan lissafi. Spacewar!, wanda Steve Russell da abokansa suka haɗa a jami'ar MIT ta Amurka a 1962, ya sa tauraro a tsakiyar allo yana janyo kumbunan 'yan wasa. Kerbal Space Program, da kamfanin Squad na Meziko ya fitar a 2011, ya zurfafa: daga wurin kumbo da gudunsa yake zana masa hanyarsa nan take. Don sauƙaƙa wa kwamfuta, wasan yakan lissafa janyowar duniya ɗaya tak a lokaci guda, wadda kumbon ke cikin yankinta. Duniyoyin kansu kuwa ba sa kaucewa daga hanyoyin da dokokin Kepler suka shata musu.