Zarto Mai Sarƙa: Daga Hannun Likita Zuwa Daji

Makalarmu ta wannan mako a kan zarto mai sarƙa take, wato injin nan da muke jin kukansa idan ana sare bishiya a unguwa. Da yawanmu mun ɗauka tun asali kayan 'yan katako ne, alhali a hannun likitoci ya fara.

A shekarun 1780, wasu likitoci biyu na ƙasar Sikotlan, John Aitken da James Jeffray, suka fito da wata 'yar sarƙa mai haƙora da ake ja da hannu. Da ita ake yanke ƙashin da ya lalace, da ita kuma ake buɗe ƙugun mace idan naƙuda ta yi gardama. A 1830 wani Bajamushe, Bernhard Heine, ya ɗora sarƙar a kan faifan ƙarfe tana zagayawa, ana murza ta da mariƙi. Siffar da muka sani ke nan har yau.

Sai a 1926 Andreas Stihl, a birnin Stuttgart na Jamus, ya ƙera mai aiki da lantarki domin yankan itace. Nauyinsa ya haura kilo 40, sai mutum biyu ke riƙe shi. A 1947 wani mai saran itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya fara sayar da sarƙa mai lanƙwasassun haƙora, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture.

Da injin ya yi sauƙin da mutum ɗaya zai ɗauka, sai raunuka suka yawaita. Girgizarsa ta riƙa kashe wa ma'aikata jijiyoyin yatsu, shi ya sa a shekarun 1960 aka raba mariƙi da jikin injin. Mafi muni shi ne tutsu: idan saman ƙarshen faifan ya taɓa itace, zarton kan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi. Wannan ya sa a farkon shekarun 1970 aka fito da birkin sarƙa, wanda ke tsayar da ita kafin ƙiftawar ido. Kusan duk wata kariya da ke jikin injin, sai da wani ya ji ciwo aka yi ta.

Don haka dokokinsa ba ƙaƙale ba ne. Na lantarki shiru yake idan an ajiye shi, amma da an taɓa kunamarsa ya tashi, saboda haka a zare waya ko batir kafin a taɓa sarƙa. A riƙe shi da hannu biyu, waya tana bayan mutum, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kada a yi aiki cikin ruwan sama. A duba man sarƙa da ɗaurinta kafin a fara. Idan ya koma fitar da gari maimakon ɓarɓashi, haƙoran sun dakushe, sai a wasa su da magagari. Tabarau, safar hannu, hular kwano da takalmi mai ƙarfi ba ado ba ne.

Mu da ke koyon rubutu mukan zaci tarihi sai na sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ga shi nan a jikin kayan aikin da muke wucewa kullum ba mu kula ba. Kafin mako mai zuwa, kowannenmu ya zaɓi abu ɗaya, keken ɗinki ne ko injin markaɗe, ya binciko wanda ya ƙera shi da matsalar da ta sa aka ƙera shi. Allah ya kare masu neman halak da wannan injin, ya kuma yi wa alƙalumanmu albarka.