Harsashin da Aka Warware Ba a Ƙarasa Ba



Kusan dukkanmu mun taso mun tarar da sunan Bruce Lee a bakin yayyenmu, wasunmu ma sun sha kwaikwayon ihunsa a ƙofar gidan kallo. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san abin da ya yi ajalin ɗansa Brandon. Harsashi ne da wasu suka warware da hannunsu, suka mayar da shi ba tare da sun ƙarasa aikin ba. Kafin mu kai ga wannan dare, bari mu koma baya shekaru fiye da ɗari mu ga yadda aka yi mutane suka saba da warware harsashi.

Maharbi mai harbi-ruga ta baki yake ɗura albarushi, ya bi shi da dalma, ya danna. Harsashin zamani kuwa ya tattara komai wuri ɗaya. Abu huɗu ne a cikinsa: kwanson tagulla, albarushi, ƙwayar da ke fita ta sami abin hari, sai wani ɗan maɓalli a gindin kwanson wanda ke ba da tartsatsi in an doke shi. Wannan maɓalli za mu riƙa kiran sa ƙyastu. Idan aka yi harbi, uku sun tafi, kwanso ne kaɗai ke saura, kuma shi ne mafi tsada.

A 1866 mutum biyu suka yi rajistar nasu salon ƙyastun: Kanar Edward Boxer a Ingila, da Hiram Berdan a Amurka. Na Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiyar gindin kwanso, don haka da ɗan tsinken ƙarfe ake turo tsohon waje a sa sabo. Na Berdan yana da wuyar cirewa. Sai abin ya juye: Amurkawa suka rungumi na Baturen Ingila, mutanen Turai suka rungumi na Ba'amurke. Wannan na cikin dalilan da suka sa sake ɗura harsashi a gida ya yi saiwa a Amurka. Maharban ɓaunar Amurka na shekarun 1870 sukan wuni suna harbi, da dare su zauna a sansani suna narka dalma suna sake cika kwansonsu, domin kanti na da nisan kwanaki. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a garin New Haven, yana sayar da wani kayan aiki mai kama da awartaki wanda mutum zai sa a jaka ya yi wannan aiki ko'ina.

A wannan shekara ta 1884 ɗin dai, Paul Vieille na Faransa ya fito da albarushi marar hayaƙi. A nan ne haɗarin ya sauya kama. Tsohon baƙin albarushi cika kwanso yake yi, in mutum ya manta ya zuba sau biyu zai ga yana zubowa ƙasa. Sabon kuwa ƙarfinsa ya ninka, a wasu harsasan bindigar hannu abin da ake bukata bai kai rabin giram ba. Harsashi irin .38 Special, wanda aka tsara a ƙarshen ƙarni na 19 don baƙin albarushi, kwansonsa na iya haɗiye mudu biyu na sabon ba tare da ya nuna ba. Mudu biyu na iya tarwatsa bindiga a hannun mai ita. Idan kuma aka manta ba a zuba komai ba, ƙarfin ƙyastu kaɗai kan tura ƙwayar ta maƙale a cikin bututun bindiga, ta zauna tana jiran harbi na gaba. Daga waje, mai kyau da mai aibi kamarsu ɗaya, tamkar ƙwan da ya ɓaci a cikin kwando.

Saboda haka masu wannan sana'a suka yi wa kansu ƙa'ida: in ka yi shakkar guda ɗaya, duk abin da ka ɗura a zaman nan abin zargi ne. Ba a gwada shi a bindiga. Sai a zauna a zare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, a tsira da kwanso da ƙwaya. Albarushin da ba a tabbatar da irinsa ba kuwa ba a mayar da shi, domin ido ba ya bambance shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da wannan tsimi babbar kasuwa. Tagulla da dalma duk sun tafi fagen daga, farar hula suka rasa harsashin farauta. Vernon Speer ya riƙa tattara ƙananan kwanson .22 da aka yar yana yi wa sababbin ƙwayoyi riga da su. Fred Huntington ya kafa RCBS a 1943 a Oroville ta jihar Kalifoniya, Joyce Hornady ya buɗe nasa kamfanin a 1949 a Nebraska. Bruce Hodgdon kuwa a 1947 ya sayi rarar albarushin gwamnati mai nauyin laba 50,000, daga baya ya koma sayen wanda aka zazzage daga harsasan soja da aka warware. Duk waɗannan sunaye har yau suna kasuwa. A nan gida Najeriya dai Dokar Makamai ta 1959 ba ta ba mutum damar haɗa harsashi don kansa ba, shi ya sa labarin ke zo mana baƙo.

Yanzu mu koma ga Brandon Lee. A farkon 1993 yana garin Wilmington ta jihar Karolina ta Arewa ana ɗaukar fim ɗin The Crow. Masu fim suna amfani da harsashi iri biyu. Akwai na nuni, mai ƙwaya amma babu albarushi babu ƙyastu mai rai, don kyamara ta gan shi a cikin libarba. Akwai kuma na ƙara, mai albarushi amma babu ƙwaya. Maimakon su sayi na nunin, ma'aikata suka ɗauki harsasai na gaske, suka zare ƙwayoyin, suka zazzage albarushin, suka mayar da ƙwayoyin. An bar ƙyastu da ransa. Wani ya ja kunama, ƙwaya ta shige bututu ta maƙale, ba wanda ya lura.

Bayan kwanaki aka ɗauko wannan libarba, aka sa mata na ƙara, ba a leƙa bututun ba. Albarushin na ƙara da ƙwayar da ta maƙale suka haɗu suka zama cikakken harsashi. Jarumi Michael Massee ya ja kunama kamar yadda labari ya tsara, ƙwayar ta sami Brandon a ciki. Likitoci sun shafe sa'o'i a kansa, amma ya cika ranar 31 ga Maris, 1993, yana da shekara 28, shekara ashirin bayan rasuwar mahaifinsa. Ba a gurfanar da kowa da laifin kisa ba, fim ɗin kuma ya fito a 1994.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, waɗannan ma'aikata sun yi mafi yawan aikin daidai. Sun san abu huɗu ne, suka kula da uku, suka bar mafi ƙanƙanta. Tsofaffin masu ɗura harsashi sun warware dubbai don kada guda ya cuci wani, su kuwa gaggawa da son rage kuɗi suka sa suka tsaya a rabin hanya. Rigakafi dai ya fi magani, kuma leƙa bututun nan bai kai aikin minti ɗaya ba.

Ƙofar gyara da ƙarin bayani a buɗe take. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.