Burushin aski

Burushin aski ɗan ƙaramin burushi ne mai gajeren mariƙi da curin gashi a kansa, wanda ake tayar da kumfar sabulu da shi a shafa a fuska ko a kai kafin a sa aska. Aikinsa shi ne ya riƙe ruwa, ya gauraya ruwan da sabulu har su zama kumfa mai kauri, sannan ya cusa kumfar cikin gashi domin ya yi laushi. A kasuwannin Turai da Amurka ana samun na ƙasa da dala 15, ana kuma samun wanda ya haura dala 200. Wannan tazara ce ta sa ake yawan tambaya ko mai tsada ya fi mai araha. Yawancin ƙarin kuɗin yana tafiya ne a kan laushin gashi, da kyan mariƙi, da aikin hannu. Kyan aski kuwa ya fi dogara ga ruwa da sabulu da kaifin aska.

Tarihi

Burushin aski irin na yau ya bayyana a Faransa wajen tsakiyar ƙarni na 18. Faransawa suna kiransa da sunan dabbar da ake ciro gashin daga jikinta, wato baja, wata dabbar daji mai haƙa rami wadda take dangin dage. Daga cikin kamfanonin da suka daɗe a sana'ar akwai Kent na Ingila, wanda aka kafa a 1777, da Simpson da ya fara a Landan a 1919, da Omega na Italiya, da Mühle na Jamus wanda aka kafa a 1945.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gashin baja ya yi wuya, sai aka cika kasuwa da burushi mai araha na gashin doki wanda ba a tsabtace shi yadda ya kamata ba. Sojojin Birtaniya da na Amurka da dama sun kamu da cutar saifa ta dabbobi, wadda likitoci ke kira antiraks, ta hanyar yankan aska a fuska da wuya. Wannan ya sa hukumomin lafiya suka tilasta a riƙa kashe ƙwayoyin cuta a gashin kafin a sayar. Daga 1949, da aka fito da kumfar aski ta gwangwani a Amurka, amfani da burushi ya ragu sosai.

Ire-iren gashi

Gashin baja shi ne mafi tsada. Yana riƙe ruwa da ɗumi, kuma yana da laushi tun ranar farko. Ana kasa shi daraja-daraja, daga baƙi mai ɗan kaushi har zuwa mai farin baki da ake rubuta wa silvertip. Babu wani ma'auni ɗaya da kamfanoni suka yarda da shi a kan waɗannan darajoji, saboda haka abin da wani ya kira na ɗaya yana iya zama na biyu a wajen wani. Wasu ma sukan rina bakin gashin ya yi fari. Kusan duk gashin baja da ake sayarwa daga ƙasar Sin yake fitowa, domin dabbar tana da kariyar doka a wurare irin su Birtaniya, inda aka yi mata doka ta musamman a 1992. A 2018, bayan ƙungiyar PETA ta fitar da hotunan yadda ake wahalar da dabbar a gonakin Sin, kamfanin Procter & Gamble ya sanar da daina amfani da gashinta.

Gashin alade yana da araha, yana da ƙarfi, sai an jiƙa shi na 'yan mintoci kafin aiki. Sabo yakan yi kaushi, amma bayan makonni bakinsa yakan tsage ya yi laushi. Gashin doki yana tsakanin biyun, kuma ana yanko shi daga geza da wutsiya ba tare da an kashe dabbar ba. Na roba kuwa, wanda a da ake yi da nailan mai tauri, ya inganta ƙwarai a shekarun baya-bayan nan. Yana tayar da kumfa da sabulu kaɗan, ba ya wari, kuma yana saurin bushewa.

Abin da ke sa tsada

Abu na farko shi ne ƙarancin gashin, domin mai farin baki kaɗan ne a jikin kowace dabba. Na biyu shi ne yawansa: faɗin gindin curin yakan kama daga milimita 20 zuwa 28, kuma mai faɗi da cika ya fi cin gashi. Na uku shi ne aikin hannu wajen zaɓe da ɗaure gashin ba tare da an datse bakinsa ba. Na huɗu shi ne mariƙi, wanda kan zama na roba, ko katako, ko ƙaho, ko ƙarfe. A da ana yin na hauren giwa, kafin a hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Sunan kamfani ma yana da nasa kaso.

Hausawa kan ce araha ba ta ado, kuma akwai inda maganar ta dace: burushi mafi ƙasƙanci yakan zubar da gashi saboda rashin gam mai kyau, bakinsa da aka datse yana sukar fata. Amma da zarar an wuce wannan mataki, burushi matsakaici na roba ko na gashin dabba yana ba da kumfar da aska ke bukata, kuma yana kai shekaru idan ana wanke shi ana shanya shi.

A Dutsi da ƙasar Hausa

A Dutsi, da ke shiyyar Daura ta jihar Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, aski sana'ar wanzamai ce da ake gado, kuma shugabansu shi ne Sarkin Aska. A cikin zabirar wanzami akwai asake, da dutsen wasa su, da ƙaho, amma burushi ba ya cikin kayan gado. Wanzami yakan jiƙa kai da ruwa ya murza da tafin hannu, wani lokaci da sabulu, har gashin ya yi laushi. Haka ake yin askin jariri ranar suna, haka ake yi wa manya a kasuwa. A shagunan aski na zamani kuwa injin aski ake amfani da shi a busasshen gashi, burushin da ake gani a can na kaɗe gashi ne da shafa hoda.

Ga wanda zai sayi burushin kumfa a wannan yanki, akwai abubuwan lura da suka fi farashi. Ɗaya shi ne sanin irin gashin, domin Musulmi da yawa suna ƙyamar na alade. Malaman mazhabar Malikiyya suna ganin gashin da aka yanke mai tsarki ne ko da na alade ne, Shafi'iyya kuwa suna ganinsa najasa. Na roba ya kauce wa saɓanin. Wani abin shi ne ruwa: ruwan zartsi yana kashe kumfa komai tsadar burushi. Da damina kuma gashin dabba yakan daɗe bai bushe ba, har ya yi wari.

Tsabta

Gashin dabba ba ya jure tafasasshen ruwa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, don haka yana da wuya a tsabtace shi tsakanin mutum da mutum. Idan aska ta yi yanka, burushin da ya taɓa jini yana iya ɗaukar cuta zuwa ga na gaba, kamar yadda ake tsoron ciwon hanta ta hanyar aska ɗaya. Saboda haka wasu jihohin Amurka sun hana shagunan aski amfani da burushi ɗaya ga jama'a. Ga mai aski da ke karɓar mutane da yawa a yini, burushin roba guda biyu ko uku da za a riƙa wankewa ana musanyawa sun fi ɗaya mai tsada amfani. Mai yin aski a gida kuwa ya kamata ya keɓe nasa, ya ɗauraye shi bayan kowane aski, ya yarfe ruwan, ya ajiye shi inda iska ke shiga.