Yaro da Doki a Ƙasar Kano: Daga Barga Zuwa Kwalta

Tarihin doki a ƙasar Kano ya faro ne daga fagen fama. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390-1410) ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali domin kare doki da mahayinsa, yayin da ake jingina asalin Hawan Salla ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). A wancan zamani hawa sana'a ce ta barade, kuma ba a yi wa yaro gaggawa a cikinta.

Yaro yakan fara ne daga barga, yana kai wa doki harawa da dusa da kanwa, har ya laƙanci halinsa, ya san mai harbi da mai tutsu. Bayan haka ne ake ɗora shi bisa doki mai sanyin hali, zagi na riƙe da ragama. Sukuwa da zamiya kuwa sai ƙafarsa ta zauna daram a likkafa, hannunsa ya iya linzami.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, yaƙi ya ƙare, doki ya koma abin ado da biki. Aka yi babban hawa a Kano a 1925 domin Yariman Ingila, aka yi a Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth, sannan na bikin FESTAC a 1977. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya abin adanawa. Sai dai yayin da darajar hawa ke ƙaruwa, tarbiyyar barga raguwa ta yi ta yi. Dokin haya ya yawaita, kilisa da hawan angwanci suka koma kan kwalta, inda kofato ke santsi, ƙarar babura da motoci kuma na firgita dabba.

Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne: karayar hannu, gocewar kafaɗa, da buguwar kai, wadda ita ce ta fi kisa. Yaron da aka ɗora kan sirdin manya, in majayi ya kwance ko ƙafarsa ta maƙale a likkafa, doki na iya jan sa a ƙasa. Ɗaurin karaya mai tsananin matsi kuma yakan tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe, alhali ga Asibitin Ƙashi na Dala.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa mazauna birane, masu kawo 'ya'yansu gida da Salla domin shiga tawagar hakimi, da su tuna cewa yaron da ya tashi a Legas ko Abuja baƙo ne a wurin doki. A ba shi zagi, a gyara masa likkafa daidai tsawonsa, a sa masa hular kwano ko da a ƙarƙashin rawani. Wanda ya faɗi ya suma ko ya yi amai, a garzaya da shi asibiti. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya kare mana zuriya, Ya ja zamanin sarakunanmu, amin.